Gaggawa da Jira: Jinsi, Wuƙa da Yardar Yaro a Madawa, Buza da Keita

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi muhawarar da ake yi a Turai da Amurka kan ba matasa magungunan sauya jinsi, sannan ta ɗauko tambayoyin muhawarar ta aza su a kan gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, inda lamarin da ya fi kusa da ita shi ne na yaran da aka haifa mata-maza. Abin da take son nunawa shi ne, mu a nan mun saba yin gaggawa a inda ya kamata a jira, mu kuma yi jinkiri a inda jinkiri ke kisa.

Gabatarwa

Da wani abokin aikina ya ga taken takardar nan, dariya ya yi, ya ce mu da tamowa da maleriya suka hana barci, ina ruwanmu da rigimar Turawa? Yana da gaskiyarsa. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin yara na asibitin Madawa a watan Satumba, ya ga uwa biyu a gado ɗaya, ba zai ce wannan ce babbar matsalarmu ba. Amma gundumomin nan uku sun haura mutum miliyan 1.3 tun a ƙidayar 2012, kuma likitocin duniya sun ƙiyasta cewa a cikin haihuwa kamar 4,500 ana samun jariri guda da ba a iya tantance gabansa da ido. Yaran suna nan. Ɓoye su ake yi, shi ya sa ba mu ganin su sai sun balaga.

Bari in fara da wata da na gani, na kuma sauya wasu bayanai don kada a gane ta. Ranar kasuwa ce, wata tsohuwa ta zo da jikarta mai shekara 15 daga wani ƙauye na kan dutse. An riga an karɓi sadaki, an sa biki bayan cirar albasa. Tsohuwar ta jira sai da layi ya watse, sannan ta matso ta rage murya.

"Likita, wagga ɗiya tawa ce, ni na yaye ta. Ƙirji ya ƙi fitowa, ba ta ga wata ba, ga murya ta buɗe. A ba ta maganin da nono zai fito, biki ya matso."

Na ce, "Inna, bari a duba ta tukuna."

Da ungozomar asibiti ta duba, sai ta samu ƙulluttai biyu a matsematsi. Ƴaƴan maraina ne. Hoton ciki bai nuna mahaifa ba. Na roƙi tsohuwar ta ɗan ba mu wuri, na tambayi yarinyar yadda take jin kanta. Ta daɗe tana murza gefen mayafinta, sannan ta ce, "Ni dai tun ina ƙarama na san ba kamar su nike ba." Shekara goma sha biyar, ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya.

Suna ɗaya, mutane daban

Kafin a yi nisa sai an raba zare da abawa, domin a bakin jama'a kalma ɗaya kan rufe mutane iri-iri. Mata-maza, wanda littattafan fiƙihu ke kira hunsa, shi ne wanda bambancin ke cikin jikinsa tun haihuwa. Ɗan daudu kuwa namiji ne cikakke a jiki, wanda ya ɗauki magana da sana'ar mata, kamar tuyar kaji da sayar da abinci a tasha. Shi tsohon mutum ne a ƙasar Hausa. Sunan ma yana da alaƙa da bori, wanda Nicole Echard ta yi nazarinsa a yankin Adar na jihar Tawa, Rudolf Gaudio kuma ya rubuta littafi kan ƴan daudun Kano a 2009. Galibinsu ba su zuwa wurin likita neman a sauya musu jiki.

Na uku shi ne wanda Turawa ke muhawara a kansa: matashin da jikinsa ba shi da wani ruɗani, amma zuciyarsa ta kafe cewa shi ba na wannan jinsin ba ne, har abin ya zame masa ƙunci mai hana ci da barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan hali daga jerin cututtukan taɓin hankali a sabon kundinta da ya fara aiki a Janairun 2022. Haɗa mutanen nan wuri guda ya jawo mana ɓarna babba, domin uban da aka haifa wa mata-maza yana tsoron a ce ɗansa ɗan daudu ne, sai ya ƙi kai shi asibiti.

Abin da ake jayayya a kai can waje

Tushen abin daga Holan yake. A shekarun 1990 Peggy Cohen-Kettenis da abokan aikinta suka fito da wata hanya: idan yaro ya daɗe cikin wannan ƙunci tun yana ƙarami, hankalinsa lafiya, iyayensa kuma sun yarda, sai a fara yi masa allurar da ke dakatar da balaga daga shekara 12, a ba shi homon na ɗaya jinsin daga 16, tiyata kuma sai ya kai 18. Allurar ba sabuwa ba ce, an daɗe ana yi wa yaran da balaga ta zo musu da wuri fiye da ƙima. Hujjarsu ita ce tana saya wa yaro lokacin tunani. Sun wallafa sakamako a 2011 kan matasa 70, sannan a 2014 kan 55 daga cikinsu, suka ce sun samu sauƙi.

Daga nan hanyar ta bazu, kuma masu zuwa suka canza. A asibitin Tavistock na Landan, waɗanda aka tura ba su kai 250 ba a shekarar 2011 zuwa 2012, amma bayan shekara goma sun haura 5,000, yawancinsu ƴan mata da abin ya taso musu bayan sun fara balaga, da dama kuma suna ɗauke da wasu matsalolin damuwa. Binciken da asibitin ya yi da kansa kan yara 44 bai nuna wani sauyi a lafiyar hankalinsu ba, kuma 43 daga cikinsu sun zarce zuwa shan homon. A nan tambaya ta taso: allurar hutu ce don tunani, ko kuwa ƙofa ce da in an shiga ba a cika fitowa ba? Masu goyon baya suka ce hakan na nufin an zaɓi yaran daidai. Masu shakka suka ce wataƙila dakatar da balagar ne ya hana wasu samun daidaito da jikinsu. Alƙaluman ba su raba wannan gardama ba.

Finlan ta ja birki a 2020, Suwidin a 2022. A Ingila, Dokta Hilary Cass ta miƙa rahotonta a Afrilun 2024, inda ta ce hujjojin da ake dogaro da su ba su da ƙarfi, kuma ba a gama sanin abin da allurar ke yi wa ƙashi da ƙwaƙwalwa da haihuwa a nan gaba ba. A Disambar shekarar gwamnati ta tsayar da ba da ita don wannan dalili, in ba a cikin bincike ba. A Amurka kuwa manyan ƙungiyoyin likitocin yara da na homon sun ci gaba da goyon bayan hanyar, suna cewa barin yaro ya balaga cikin jikin da yake ƙi shi ma hukunci ne da ba ya warwaruwa, kuma irin gwajin da ake nema ba zai yiwu a ɓoye wa yaro ba, tunda zai ga jikinsa na sauyawa. Wannan hujja ce da ba a watsar da ita da hannu ɗaya. Jihohi fiye da ashirin sun haramta maganin ga ƴan ƙasa da 18, kuma ranar 18 ga Yunin 2025 Kotun Ƙolin ƙasar, da alƙalai 6 a kan 3, ta bar dokar jihar Tenesi ta tsaya.

Akwai abin da ya ɗaure mini kai a dokokin nan. Suna hana ɗan shekara 16 da ya buɗe baki ya nema, amma sun bar ƙofa a buɗe ga tiyatar jariri mata-maza wanda bai iya cewa komai ba. Wannan ƙofar ita ce tamu.

Kwana bakwai

A ƙauyukan Buza da Keita, mai yanke hukuncin farko kan jinsin ɗan Adam ungozoma ce, sau da yawa da hasken tocila. Kafin a yanke cibiya labari ya fita: mun samu baƙo, ko mun samu baƙuwa. Uban yana Abijan ko Libiya wurin bida, an riga an kira shi a waya. Ranar bakwai liman zai raɗa suna, a yanka rago, maroƙi ya faɗa wa duniya. Ba wanda zai iya tsayawa gaban taron suna ya ce a dakata, ba mu tabbatar ba. Sati guda ke nan aka ba iyali su warware abin da a manyan asibitoci ke ɗaukar gwajin jini da na ƙwayoyin halitta da shawarar likitoci da yawa.

Abin takaici, a cikin makonnin nan na farko akwai gaggawa ta gaskiya, kuma ba ita muke yi ba. Sanadin da ya fi yawa wajen haihuwar jaririya da gaba mai kama da na namiji shi ne wata cuta ta ƴan ƙulluttan da ke zaune a kan ƙoda. Ba su iya haɗa sinadarin kotizol, sai su yi ta zubo homon na maza tun ana ciki. Ana samun ta a kusan haihuwa 1 cikin 15,000, kuma kamar kashi uku cikin huɗu na masu ita jikinsu ba ya riƙe gishiri. A sati na biyu ko na uku jariri zai fara amai, ya ƙi nono, ya bushe, ya tafi. Nijar na haifar jarirai fiye da miliyan ɗaya a shekara, don haka ko da lissafin kai muna maganar yara wajen saba'in. Cutar gado ce da ke fitowa idan uwa da uba duka suna ɗauke da ita, abin da ya sa auren zumunci, wanda muke yi sosai, ke ƙara mata hanya. Maganinta ƙwayoyi ne, haidirokotizon da fuludirokotizon da ɗan gishiri, ana sha har abada. Amma manjo na asibitin karkara da bai taɓa jin sunanta ba zai rubuta gudawa da bushewar jiki, iyaye su ce mayu ne ko kwana ya ƙare. Namijin da ke da cutar ma ya fi shiga haɗari, domin shi gabansa lafiya yake, ba abin da zai ja hankali. Duk uwar da ta ce mini ta binne jarirai biyu ko uku kafin su yi wata, sannan ta haifi mai gaba mai ruɗani, wannan cuta nake fara zargi.

Inda muke gaggawa kuma shi ne wurin wuƙa. Wanzami na zuwa a makon farko don cire belu, kuma idan tsofaffi suka ga wani abu ya yi tsawo a gaban jaririya, shi ake nuna wa ya rage. Dokar Nijar ta haramta kaciyar mata tun 2003, amma iyalin da ke wannan ba su ɗauke shi kaciya ba, gyara suke kiran sa. Ban ɗora laifin duka a kan wanzami ba. Likitocin Turai da Amurka sun yi shekaru kusan arba'in suna irin wannan gyara da safar hannu, bisa koyarwar John Money na Jami'ar Johns Hopkins, wanda ya ce jariri kamar ɗanyen yumɓu yake, jinsin da aka rene shi a kai shi zai bi. Babbar shaidarsa wani yaro ne ɗan Kanada, David Reimer, da aka haifa a 1965, kaciya ta ƙone masa gaba, aka mayar da shi mace kafin ya cika shekara biyu. Yaron bai taɓa karɓa ba. Yana da shekara 14 ya koma namiji, gaskiyar ta fito fili a 1997, kuma ya kashe kansa a 2004. Tun daga taron ƙwararru da aka yi a Cikago a 2005 kan kula da mata-maza, likitoci suka fara ja da baya. Malta ta haramta irin wannan tiyata ba da yardar mai jiki ba a 2015, Jamus ta taƙaita ta a 2021, Kenya kuma ta ƙidaya mata-maza 1,524 a ƙidayarta ta 2019.

Dalilin jira a fili yake. Jariran da ke da cutar ƙulluttan ƙoda, idan halittarsu ta mace ce aka kuma rene su mata, mafi yawansu mata suke zama, har su haihu. Amma akwai wani nau'i da aka fara bayyana shi sosai a Jamhuriyar Dominika a 1974, inda jariri namiji ne a ciki, sai dai jikinsa bai iya sarrafa homon ɗin da ke gina gaba ba, ya fito kamar mace. Idan balaga ta zo, murya ta buɗe, jiki ya murɗe, fiye da rabinsu kan koma rayuwar maza. Ga dukkan alamu, jikar tsohuwar nan wannan ne nata. Da an cire mata ƴaƴan maraina tana jaririya don a tabbatar da ita mace, da an yanke mata hanyar da ita ce tata.

Abin da malamanmu suka riga suka sani

Wasu na zaton maganar jira baƙuwa ce. Duk almajirin da ya sauke Muhtasar na Shehu Halil a zaure ya san mas'alar da aka rufe littafin da ita: gadon hunsa. Idan ba a gane inda ya fi karkata ba, ana ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Ana duban ta inda fitsari ke fita, idan kuma hakan bai warware ba, a saurari gemu, ko nono, ko haila, ko maniyyi. Waɗannan alamu ne da ba su zuwa sai an balaga. Ma'ana, malaman Malikiyya sun yarda mutum ya zauna shekaru ba a yanke masa hukunci ba, har suka tanadar masa rabon gado da wurin tsayuwa a sahu. Mu ne muka matse abin cikin kwana bakwai saboda kunyar taron suna.

A zamanin nan ma, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi zama a 1989, ta ce yi wa hunsa magani ko tiyata don fito da jinsin da ya rinjaya halal ne, amma sauya wanda halittarsa ta cika haramun ne. A kan wannan ra'ayi malaman ƙasarmu suke. Iran ta bi wata hanya daban tun fatawar Khumaini ta tsakiyar shekarun 1980. Na kawo wannan ne don a san cewa limamin ƙauye abokin aiki ne a nan. Kalma ɗaya daga bakinsa, cewa wannan halittar Allah ce kuma littafi ya san da ita, ta fi lacca goma daga bakina.

Yardar wa?

A Landan, shari'ar Keira Bell da asibitin Tavistock ta 2020 ta tsaya ne kan ko yaron da bai kai shekara 16 ba zai iya fahimtar abin da rasa haihuwa ke nufi. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2021, ta mayar da alhakin auna fahimtar yaro hannun likitoci. Mu a nan ko tambayar ba mu kai ga yi ba. Ƙasar da kashi 76 cikin ɗari na ƴan matanta ke aure kafin shekara 18, yardar yarinya kan zama shirunta. Mai sa hannu a takarda kawu ne ko kaka, mai biyan kuɗi yana bakin teku, kuma kowannensu da abin da yake tsoro: mayar da sadaki, rabon gona, bakin kishiyoyi. Idan mace ta koma namiji rabon gadonta ya ninka, kuma ƴan uba sun san haka. Likitan da bai fitar da dangi waje ya zauna da yaron shi kaɗai ba, bai san wa yake yi wa aiki ba.

Sai nisa. Daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne. Asibitin Galmi na kusa, akwai na jiha a Tawa, wasu kuma kan tsallaka ta Ƙwanni da Illela zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato, wanda ya yi suna a aikin mafitsara. Kula da yara kyauta da aka fara a 2006 ta tsaya ne a shekara biyar, alhali yawancin masu wannan lalura sai sun balaga suke bayyana. Iyalin da suka sayar da buhunan albasa suka yi tafiya ɗaya suna son a gama komai a tafiyar. Talauci kansa yana tura mu ga wuƙa da wuri, kuma likitan da ya ce a dawo bayan wata shida ya san wataƙila ba zai sake ganin su ba. Duk da haka ina ganin abin da ya shafi rai ko fitar fitsari shi ne na yi yanzu. Abin da ya shafi kama da siffa, a bar shi sai mai jikin ya iya magana.

Saura matashi na uku, wanda jikinsa lafiya lau amma ransa ba lafiya. Kada mu ruɗi kanmu cewa babu shi a Adar, ko cewa wayar da ke hannunsa ba ta kai shi inda ake wannan zance. Ba na ganin akwai hujjar ilimi ko ta ɗa'a da za ta sa likita a Buza ya ba shi allurar dakatar da balaga ko homon. Ƙasashen da ke da injin auna ƙarfin ƙashi da likitocin ƙwaƙwalwar yara ma ba su daidaita a kai ba, balle mu da ba mu da hanyar bibiya. Amma ƙin ba da allura bai ba mu izinin kora ko tona asiri ba. Yaron da aka yi wa dariya a asibiti zai wuce wurin mai tallar magani a kasuwa, inda ake sayar da ƙwayoyin tsarin iyali da na ƙiba ba takarda, ya yi ta sha ba awo, ga haɗarin daskarewar jini. Wani kuma duka da ɗauri za a haɗa masa a gida da sunan cire iska. Aikinmu a kansa shi ne mu saurare shi, mu bincika ko akwai baƙin ciki mai tsanani ko tunanin kashe kai, mu tambaya ko wani na cin zarafinsa, mu duba jikinsa da kyau don kada ya zama mata-maza ne da ba a gano ba, mu kuma riƙe sirrinsa kamar yadda muke riƙe na kowa.

Game da jikar tsohuwar nan, an fasa bikin, aka ce wa dangin miji iskoki ne suka hana. Bayan gwaje-gwaje da zama uku da uban ta waya, da sa bakin wani malami, yaron ya zaɓi ya rayu namiji. Ba a iya yin hakan a ƙauyen da kowa ya san shi da zane ba, sai aka tura shi wurin kawunsa a wani gari, yana koyon gyaran babur. Tiyatar gyaran mafitar fitsari an yi ta ne bayan ya cika 18, da sa hannunsa. Takardar haihuwarsa kuwa har yanzu sunan mace ke kanta, domin gyara ta sai an je gaban alƙali da shaidar likita, shi kuma ya ce bai shirya tsayawa gaban mutane ya ba da labarin ba tukuna. Na rubuta masa shaidar, tana cikin aljihun teburina.